Idan Annoba Ta Sake Rufe Hanya, Waya Za Ta Iya Riƙe Masu Larurar Ƙwaƙwalwa?

Abban Walida:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, akwai wata magana da ta shige mu ba tare da mun tsaya mun auna ta ba, wato halin da masu larurar ƙwaƙwalwa suka shiga a lokacin kullen korona na shekarar 2020, da kuma abin da ya kamata a tanada idan Allah ya sake jarrabar mu da irin wannan annoba. An rufe Kaduna tun ranar 26 ga Maris, Kano ta bi sahu a tsakiyar Afrilu, daga baya aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha har zuwa 1 ga Yuli. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa kuwa a yankinmu ba su da yawa: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa da wasu ƙalilan na jihohi. Mutumin da ya saba tasowa daga wata jihar duk wata don ya ga likita ya karɓi magani, sai ya wayi gari hanya a toshe.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta binciki ƙasashe 130 a tsakiyar shekarar 2020, ta tarar cewa a kashi 93 cikin ɗari nasu annobar ta kawo cikas ga ayyukan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kashi 70 cikin ɗari sun ce sun koma duba marasa lafiya ta waya ko ta intanet, sai dai a ƙasashe masu arziki adadin ya haura kashi 80, a matalautan ƙasashe kuwa bai kai rabi ba. Daga baya hukumar ta ce ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a faɗin duniya a shekarar farko ta annobar. Tambayata ga masana da masu jinya da ke cikinmu ita ce: duba mara lafiya daga nesa abu ne da zai yi aiki a wurinmu, ko kuwa tsari ne da aka yanka daidai jikin waɗanda wutar lantarki ba ta ɗauke musu?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam. Abban Walida, Allah ya saka da alheri da ka tayar da wannan zance. Amsar ta dogara ne da wane mara lafiya ake nufi, domin wanda likita ya riga ya sani daban, wanda bai taɓa gani ba kuma daban.

Wanda na daɗe ina dubawa, fayil ɗinsa yana gabana, na san maganin da ya karɓe shi, na kuma san yadda ciwonsa yake somawa idan zai tashi, wannan kira na minti goma ko sha biyar yakan wadatar. Zan fara da tambayar barci, saboda a yawancin masu ciwon da ke tashi yana kwantawa, raguwar barci ce alamar farko. Daga nan in tambayi cin abinci da wanka da fita sana'a, in ji ko ya fara kashe kuɗi ba lissafi ko ya fara zargin mutanen gida da shirya masa makirci, sannan in ce a miƙa wa mai jinyarsa wayar in ji ta bakinsa. Murya ita kanta tana ɗauke da labari, domin akwai mai zuba magana da ba a iya katse shi, akwai kuma wanda sai ka yi ta jira kafin ya ce "lafiya lau" da muryar da ke nuna ba lafiyar ba ce.

Sabon mara lafiya kuwa ba na yarda in yanke masa hukunci ta waya. Abubuwa da yawa suna zuwa da ruɗewa da sambatu alhali ba taɓin hankali ba ne: zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, taifot, sanƙarau, faɗuwar sukari, ciwon ƙoda, ko bugu a ka. Koronar ma takan ruɗar da tsofaffi. Idan aka kira ni aka ce yaro ya fara surutai tun shekaranjiya, na rubuta masa maganin da zai kwantar da shi, ashe sanƙarau ne, to na taimaka wajen hallaka shi ke nan. A nan gani ya kori ji. Hatta tsohon mara lafiya akwai abin da waya ba ta kaiwa gare shi. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine sukan jawo taurin wuya da rawar hannu da dalalar miyau, kuma sai likita ya lanƙwasa gwiwar hannun mutum yake jin taurin tun bai yi tsanani ba. Mai shan lithium ko clozapine kuwa dole ne a riƙa ɗibar jininsa ana aunawa.

Maman Ummi:
Sannu da ƙoƙari, Likita, Allah ya ƙara basira. Ni mai jinya ce, ƙanena ya shafe shekaru yana karɓar allurar wata-wata, kuma ina so in faɗi abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a lokacin, domin ba rashin jin muryar likita ba ne. Likitan da ke duba shi ya yi mana karamci, ya ba ni lambarsa, kuma duk lokacin da na kira yakan ɗauka ko ya biyo kira. Matsalar ita ce allurar tana can asibitin da ke wata jihar, mu muna nan, babu mota, kuma kemis ɗin garinmu ba su ma san sunanta ba. Lokacin allura ya wuce, ya fara kwana yana zagaye tsakar gida, daga nan ya daina cin abincin da ba shi ya ga an dafa ba. Azumi ne kuma, an fara shi a ƙarshen Afrilu ana cikin kulle, ya ce shi ba zai sha ƙwaya da rana ba, da dare kuma ya ce ya riga ya sha. Abin da likitan ya iya yi shi ne ya mayar da shi kan ƙwayar da ake samu a kusa, ya ce a haɗa masa duka bayan buɗa-baki, ni kuma in tsaya a kansa har ya haɗiye. Hakan ya rage, amma bai dawo daidai ba sai da aka buɗe hanya. Saboda haka duk wanda zai yi maganar duba mara lafiya ta waya, ya fara gaya mini yadda magani zai iso hannunmu.

Mai Kemis:
Maman Ummi ta taɓo wurin da ya shafe mu, Allah ya ba ƙanenki lafiya mai ɗorewa. Dalilin da ya sa ba ku samu allurar a garinku ba shi ne mu ba ma ajiye abin da ba a nema. Kowa ya saba sayen irin waɗannan magunguna a asibitin da aka rubuta masa ko a shagunan da ke bakin ƙofarsa, don haka mai shagon da ke nesa idan ya saro su sai su lalace a kan kanta.

Akwai kuma wata fuskar da ba a cika faɗa ba. A lokacin kullen mutane sun riƙa zuwa da hoton takardar likita a cikin waya, ko saƙon WhatsApp da aka ce daga likita yake. Idan carbamazepine ne ko amitriptyline, kuma na san mutumin ya daɗe yana sha, ba na wahalar da shi. Amma idan diazepam ne ko wani mai sa maye fa? Hoto guda ana iya kai shi shago goma a yini ɗaya, babu hatimin da za a buga masa a ce an riga an bayar. Mun san ƙasar da muke ciki: binciken 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da su a Najeriya, kuma a watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi a tsakanin matasanmu maza da mata. A Amurka akwai dokar 2008 da ta hana rubuta irin waɗannan magunguna ba tare da likita ya taɓa ganin mutum ido da ido ba, kuma da korona ta zo sai suka sassauta ta a hukumance, kowa ya san iyakarsa. Mu a nan kowane mai shago shi ne alƙalin kansa, wani ya tsaurara har ya hana mai gaskiya, wani ya sake har ya ba ɗan maye.

Sista Mai Jinya:
Ina gaishe ku duka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ƙwaƙwalwa, kuma ni aka ɗora wa kiran matan da ba su zo ganin likita ba a watannin nan. Abin da na fi koya shi ne lambar da ke rubuce a katin mace sau da yawa ba tata ba ce. Ta maigida ce, ko ta ɗanta, ko ta wan mijinta da ya kawo ta ranar farko. Idan na kira da rana maigidan yana waje, idan na kira da dare yana zaune kusa da ita, wani ma ya buɗe lasifikar wayar don ya ji. A kullen kuwa kowa yana gida, yara ba makaranta, kishiya tana tsakar gida, uwar miji tana ɗakin da ke maƙwabtaka. A asibiti nakan ce wa mai rakiya ya ɗan ba mu wuri, in rufe ƙofa, a nan ne mai jego za ta ce mini tun da ta haihu ba ta jin son jaririn, ko kuma tana jin tsoron kada ta cutar da shi, ko ta ce dukanta ake yi. Wace mace ce za ta faɗi wannan a wayar mijinta yana saurare?

Dabarar da na koma yi ita ce in fara da tambayar ko tana wurin da za ta iya magana, idan na ji ta yi jim sai in mayar da tambayoyina waɗanda amsarsu "e" ko "a'a" ce kawai, yadda na kusa da ita ba zai gane abin da ake tattaunawa ba. Ban taɓa barin saƙon da ke ɗauke da sunan sashenmu ba, domin saƙo guda irin wannan idan ya faɗa idon da bai dace ba yana iya kashe aure ko ya hana budurwa mijin aure.

Malam Na-Zariya:
Assalamu alaikum. Malama Sista, ina girmama aikinki, amma ina da ja a kan wani ɓangare na maganarki. Kada mu ɗauko tunanin da ke kallon dangi a matsayin masu leƙen asiri. A wurinmu mara lafiya ba shi kaɗai yake jinya ba, mijin nan da kike gudun ya ji shi ne mai sayen maganin, shi ne zai nemo mota cikin dare idan abu ya ɓaci. Likita da kansa ya ce yakan nemi a ba shi mai jinya don ya ji ta bakinsa.

Abu na biyu, ina ganin an faɗaɗa sunan ciwo har ya haɗiye abin da ba ciwo ba. A Kano an yi mace-mace masu yawa a watan Afrilun 2020, har ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Manyan malamai da dattawa sun tafi a cikin 'yan makonni, masallatai a rufe, ba jam'i, ba tafsiri a bainar jama'a, ba zaman makoki irin wanda aka saba. Wanda ya rasa mahaifinsa a haka ya kasa barci, shin likita yake buƙata ko kuwa 'yan uwan da za su zauna da shi su yi masa ta'aziyya? Mutane da yawa mu suka kira, ba asibiti ba, muka yi musu nasiha da addu'a ta wayar, kuma suka samu natsuwa.

Sista Mai Jinya:
Allah ya gafarta Malam, ban ce a fitar da dangi ba, kuma da ba don su ba da rabin marasa lafiyarmu suna kan titi. Abin da nake cewa shi ne a asibiti ina samun duka biyun, in ji ta bakin miji sannan in keɓe da matar, waya kuwa takan ba ni na farkon ta hana ni na biyun. Mafi yawan mazaje masu taimako ne, amma wadda mijinta shi ne sanadin damuwarta ita ce ta fi buƙatar a ji ta, ita ce kuma waya ta fi rufe wa baki.

Maganar baƙin cikin rashi kuwa na yarda da ita, ba kowane mai kuka ne mara lafiya ba. Roƙona ga malamai shi ne su san inda za su ce a tafi asibiti. Idan makonni suka shuɗe mutum ba ya ci, ba ya wanka, yana cewa shi ne ya jawo mutuwar, ko yana cewa gara ya bi mamacin, to a ci gaba da addu'a amma a haɗa da likita a ranar.

Baƙon Ingila:
Ina yi wa kowa sallama daga nan Ingila, inda nake aiki a ɓangaren jinya ta hanyar tattaunawa. A nan an kafa wannan tsarin a hukumar lafiya ta ƙasa tun 2008, kuma tun kafin korona ana yin wani kaso nasa ta waya, shi ya sa da aka rufe ƙasa ranar 23 ga Maris 2020 komawa waya da bidiyo bai zo a matsayin sabon abu ba. Ga masu matsakaicin ciwon damuwa da fargaba, bincike da dama sun nuna cewa sakamakon tattaunawa ta waya yana kusa da na zama gaba da gaba. Akwai ma waɗanda suka fi sakin jiki idan ba a kallon fuskarsu, musamman maza da masu jin kunyar a gan su suna shiga ginin da kowa ya san na mene ne. Wannan na ƙarshen ina ganin ya fi ƙarfi a gida, inda mutum zai gwammace ya yi tafiyar yini zuwa garin da ba a san shi ba.

Sai dai kada a zaci komai ya tafi daidai a nan. Tsofaffi masu ciwon mantuwa, da kurame, da baƙin da sai da tafinta, da talakan da ke zaune da iyali a ɗaki ɗaya, duk an bar su a baya, kuma matsalar da Sista ta kawo ta rashin wurin keɓewa mun gan ta sosai. Idan ana neman abin koyi, ni ba Ingila zan nuna ba. Indiya ta fitar da ƙa'idojin duba marasa lafiya daga nesa ranar 25 ga Maris 2020, a daidai lokacin da ta shiga kulle, inda aka fayyace irin maganin da likita zai iya rubutawa ta waya da wanda ba zai iya ba, wato ainihin abin da Mai Kemis yake kuka da rashinsa. A watan Oktoban 2022 kuma suka buɗe layin kyauta na ƙasa baki ɗaya mai suna Tele MANAS, wanda ake amsawa da harsunan jihohinsu. A Zimbabuwe akwai shirin bencin abota da Dixon Chibanda ya faro, inda aka horar da tsofaffin mata su saurari masu damuwa a harabar ƙananan asibitoci, kuma da annoba ta zo sun mayar da wani ɓangaren aikin kan waya da WhatsApp.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. A wajenmu Nijar cutar ta bayyana ranar 19 ga Maris 2020, aka killace Yamai, aka rufe masallatai. Lokotoron ƙwaƙwalwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar kuma galibinsu suna babban birni, shi ya sa wasu mutanen yankinmu suka saba tsallakawa Katsina ko Kano ko Sakkwato neman magani. Ku tuna kuma Najeriya ta riga ta rufe iyakarta ta ƙasa tun watan Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, saboda haka korona ta tarar da hanya a rufe ne ta ƙara mata sakata.

Ina so in ja hankalin Baƙon Ingila cewa duk wani tsari mai buƙatar bidiyo a cire shi daga lissafin ƙauye. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, cajin waya kuma sai ranar kasuwa wurin mai faranti mai aiki da hasken rana. Abin da na ga ya yi amfani shi ne saƙon murya, domin ba ya buƙatar iya karatu, yana jira har a samu rezo ya tafi, kuma mai jinya yana iya sake saurarensa idan ya manta yadda aka ce a sha magani. Rediyo ma kada a raina ta, domin tsohuwar da ba ta da waya tana da rediyo.

Abban Walida:
Maganar Ɗan Maraɗi ta tuna mini cewa ba annoba kaɗai ke raba mutum da asibiti ba, kuma waya ma ana iya rasa ta. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Likita, ina da tambaya guda biyu. Wa ke biyan kuɗin katin da ake kiran nan da shi? Sannan idan kana cikin magana da mutum ya ce zai kashe kansa, kai kana Kano shi yana wani ƙauye mai nisa, me za ka yi?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ta farkon amsarta gajera ce: daga aljihunmu ya fita, ni da irin su Sista, kuma wayoyinmu na gida muka yi amfani da su, shi ya sa har yau akwai masu kira na da ƙarfe biyun dare. Aikin da aka gina a kan kirkin ma'aikaci ba ya ɗorewa, ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje.

Ta biyun ita ce mafi nauyi a duk wannan aikin. Ƙa'idata ita ce kafin in shiga kowace magana sai na san inda mutum yake a wannan lokacin, na kuma karɓi lambar wani babba da ke kusa da shi, na gaya masa tun farko cewa sirrinsa yana hannuna amma idan na ji ransa yana cikin haɗari zan kira wannan mutumin. Idan maganar ta fito, ba na kashe waya, ina tambayarsa kai tsaye ko ya shirya yadda zai yi da kuma ko abin yana kusa da shi, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Daga nan in sa a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa ko da ba na ƙwaƙwalwa ba ne. Akwai lambar gaggawa ta 112, amma a ƙauye maƙwabci mai babur ya fi ta saurin isowa. Wani abin da ke ƙara rufe bakin mutane shi ne a lokacin kullen yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar ƙasa, sashe na 231 na kundin dokokin laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗauri a kansa. Mutumin da ya san haka yana da dalilin yin taka-tsantsan da abin da zai faɗa a layin da bai san wa ke ji ba.

Ni a ganina kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa wayar tsakanin likita da mara lafiya za ta kasance. Inda ta fi amfani shi ne tsakanin likita da ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibitin garin mara lafiyan. Shi yana da ido da hannu a wurin, zai auna zafin jiki da hawan jini, ya duba taurin wuya, ya yi allura, ya rufe ƙofa ya keɓe da mace kamar yadda Sista take so, ni kuma in ba shi shawara daga nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar mhGAP tun 2010 domin horar da irin waɗannan ma'aikata, kuma Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa a Ibadan sun gwada wannan hanya a ƙananan asibitocin jihar Oyo, har da tuntuɓar likita ta wayar salula. Tunanin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta maimakon ya kulle su a ɗaki.

Maman Ummi:
Likita, da a ce akwai wannan tsarin a lokacin, da ƙanena bai sha wahalar da ya sha ba, domin ƙaramin asibitin unguwarmu bai rufe ba ko yini ɗaya, allurar rigakafin yara ma ana yi. Zan faɗi wani abu da ba na jin daɗin faɗa. Da abin ya tsananta, wasu daga cikin dangi sun kawo shawarar a kai shi gidan mari a ɗaure shi har a buɗe hanya, kuma ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne, domin akwai ƙananan yara a gidan. Watanni kaɗan kafin nan, a Satumban 2019, kowa ya ga hotunan ɗaruruwan mutanen da aka fito da su daga irin wannan gida a Rigasa da sarƙa a ƙafa. Abin da ya ba ni ƙarfin cewa a'a shi ne na sa likitan a waya ya yi wa yayanmu bayani da bakinsa cewa wannan tashin na rashin allura ne kuma zai kwanta. Ni mace ce kuma ƙanwa, maganata ita kaɗai ba za ta tsayar da su ba.

Malam Na-Zariya:
Maman Ummi, Allah ya ba ki ladan zumunci. Ɗaure mara lafiya da duka ba su da wani tushe a addini, wanda hankalinsa ya gushe ma an ɗauke masa alƙalami, balle a hukunta shi. Malama Sista, na karɓi sharaɗinki, kuma ina ganin idan za a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a haɗa da limaman unguwa ko da na yini ɗaya ne, a ba mu alamomin a rubuce da lambar da za mu kira, tunda ko an so ko ba a so mu ake fara kira. Ina kuma tambaya, dokar da aka ce an sa wa hannu ta yi magana a kan waɗannan abubuwa?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Allah ya gafarta Malam, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a watan Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 wadda asalinta na zamanin Turawa ne, kuma ita ce muke ƙarƙashinta har a lokacin kullen. Sabuwar ta yi magana a kan haƙƙin mara lafiya da sirrinsa da kuma kai kulawa kusa da jama'a. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane, wadda ta shafi duk wanda ke ajiye hirar marasa lafiya a wayarsa. Sai dai ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, saboda haka horarwa da ajiye magani a can sai jiha ta sa kuɗinta.

Mai Kemis:
A kan ajiye maganin, abin bai kai wahalar da ake zato ba. Allurar fluphenazine irin ta wata-wata ba ta buƙatar firji, inuwa kawai take so, kuma tana cikin magunguna masu araha. Idan asibitin da ke duba mara lafiya zai aiko da sunayen waɗanda ke kan allura a kowace ƙaramar hukuma zuwa ga ma'aikaci guda da aka sani, tare da lambar da zan kira in tabbatar da takarda kafin in bayar, ni a shirye nake in riƙa saro ta daidai adadinsu. Maman Ummi, kafin a kai ga haka, idan kun je ganin likita na gaba ki roƙe shi ya rubuta miki sunan allurar da yawan da ake yi masa da ranar da aka yi ta ƙarshe, da kuma sunan ƙwayar da za a koma kanta idan allurar ta yanke, ya sa hannu da hatimi, ki ajiye takardar a gida ki kuma ɗauki hotonta.